Nahawun Turanci Da Darajar Baƙar Fata: Waiwaye Daga Bakin Iyaka

Muna miƙa gaisuwa ga 'yan'uwanmu 'yan asalin Kongolam da ke zaune a Kano, da Kaduna, da Abuja, da Legas, da sauran birane, waɗanda wannan mujalla ke kai wa labarin gida sau ɗaya a shekara.

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san cewa tsakaninmu da Ɗan Barto babu kogi, babu dutse, sai shingen jami'an kan iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 ne jami'an Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamomin da suka raba Nijeriya da Nijar. Tun daga nan, yaron da aka haifa kudu da layin ya zama sai ya bi ta Ingilishi kafin ya kai ga ilmin zamani, ɗan baffansa na arewa da layin kuma sai ta Faransanci, alhali tuwo ɗaya suke ci, harshe ɗaya suke yi. Muna so mu bi tarihin wannan harshe da ya faɗo a rabonmu: wa aka koya wa, wa aka hana, kuma me ya haɗa koyar da nahawunsa da tambayar ko baƙi da fari daidai suke.

Nahawu Ba Baƙo Ba Ne A Ƙasar Hausa

Kafin Bature ya zo, malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da nahawun Larabci. Ɗalibi yakan fara da Ajurumiyya, ya wuce zuwa Alfiyyar Ibn Malik, ya san dalilin da ya sa wasalin ƙarshen kalma ke sauyawa gwargwadon matsayinta a jimla. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu, da Hisnur Rasin a kan sarfu. Katsina ta yi su Ɗan Marina da Ɗan Masani tun ƙarni na 17. Mutanen da suka ƙware a nahawun harshen da ba nasu ba har suka yi wallafa a cikinsa, ba a ce da su kwanyarsu ba ta ɗaukar ƙa'idar harshe.

Batun launin fata ma ba sabo ba ne a wurinsu. Huɗubar bankwana ta riga ta yanke hukunci cewa fifiko yana ga tsoron Allah, ba ga launi ko ƙabila ba. A 1615 Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya ba wa wasu mutanen arewacin Sahara amsa a rubuce cewa baƙin launi ba hujjar bautar da mutum ba ne, har ya ambaci Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi. Amma gaskiya ɗaya ce: mu ma muna da namu tabon. An yi bauta a ƙasar nan, kuma sai a 1936 doka ta kawar da ita baki ɗaya a Arewa. Rarrabe mutane hawa-hawa ba Bature kaɗai ya iya shi ba.

Ƙofar Da Aka Tsuke

A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nassarawa ta Kano. Da Hausa aka fara karatu, kuma 'ya'yan sarakuna da malamai aka fara nema. Tsarin da ya biyo baya ya tafi a kan haka: elementare da Hausa, Turanci sosai kuma sai ga 'yan ƙalilan da suka samu shiga midil.

Dalilan suna da yawa, kuma adalci ne a faɗe su duka. Iyayenmu sun ji tsoron boko saboda addininsu, har wasu masu sarauta suka riƙa tura 'ya'yan barorinsu a maimakon nasu. Su kuma Turawan mulki sun ga yadda 'yan boko a Legas da Indiya suka mayar da Ingilishi makami, suna rubutu a jarida, suna ja da gwamna a kotu, ba su kuwa so a maimaita haka a Arewa. Ƙarƙashin wannan duka akwai aƙidar da ta yi tashe a zamanin, cewa jinsunan mutane hawa-hawa ne. Lugga da kansa, a littafinsa na 1922, ya siffanta mutanen Afirka kamar yaran da ke buƙatar mai riƙo. Aƙidar ta fito har a tsarin gari: dokar birane ta 1917 ta tanadi fili na yadi 440, wanda ba a gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa.

Sakamakon ya zo da fuska biyu. An wajabta wa jami'in mulki ya ci jarrabawar Hausa, aka samu ƙamus na Bargery a 1934, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma Hausa ta amfana ƙwarai. Amma dokokin ƙasa, da takardun manyan kotuna, da ilmin likita da na injiniya, duk suna cikin Ingilishi. Joji yana jin maganarmu, mu ba mu iya karanta takardarsa. Wanda ke jin harshenka alhali ba ka jin nasa, ai shi ke riƙe da linzami.

Amsar Da Kwalejin Katsina Ta Bayar

A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina domin horar da malamai. Ɗalibanta kaɗan ne, amma an koya musu Turanci da gaske: furuci, da nahawu, da karatu a bayyane, da rubutun insha'i. Daga nan Ahmadu Bello ya fito a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a 1933. Sa'adu Zungur ya wuce daga can zuwa babbar kwalejin Yaba a 1934. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, inda Malam Aminu Kano ya kammala a 1942, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa.

Abin lura shi ne, makarantar da aka gina don ta samar wa En'e malamai masu biyayya, ita ta haifi waɗanda suka nemi gyaran En'e da waɗanda suka karɓi mulki. A zamaninsu wariya ba labari ba ce. A 1947 wani otal a Legas ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda launinsa, alhali jami'i ne na ofishin mulkin mallaka da ya zo daga Landan, kuma hayaniyar da ta biyo baya ta tilasta wa gwamna ya haramta wariya a wuraren jama'a. A Oktoban 1960 Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1961 yana cikin shugabannin da matsinsu ya sa Afirka ta Kudu mai mulkin wariya ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. A shekarar ce kuma ya yi jawabi a majalisar dokokin Amurka, a lokacin da wasu gidajen abinci na ƙasar ke korar jakadun Afirka. Malamin makaranta ne daga Bauci, kuma Turancin da aka koya masa a Katsina ya ishe shi tsayawa gaban kowa.

Ƙasar Daura ba ta zama 'yar kallo ba. Marigayi Sarki Muhammadu Bashar ya riƙe minista a gwamnatin Jihar Arewa kafin ya hau gadon sarauta a 1966. Marigayi Muhammadu Buhari kuwa a Daura da Mai'aduwa ya yi firamare, nan kusa da mu. Allah Ya jiƙansu. Ajin ƙauye ya taɓa fitar da mutanen da suka yi gogayya da na ko'ina.

Shekarar 1976

Mu da muke kwalejin horon malamai a tsakiyar shekarun 1970 ba mu manta 1976 ba. Ranar 16 ga Yuni 'yan sandan Afirka ta Kudu suka buɗe wuta a kan 'yan makaranta a Soweto, waɗanda suka fito suna ƙin a tilasta musu karatu da harshen Afirkans. Tun 1953 gwamnatin wariya ta yi wa baƙar fata dokar ilmi ta dabam, don kada karatunsu ya wuce na leburanci. Yaran sun gane cewa wanda ya zaɓa maka harshen karatu, ya zaɓa maka iyakar inda za ka kai. A Nijeriya ma'aikata da ɗalibai sun ba da gudummawa ga asusun taimakon 'yan gwagwarmaya, muka kuma yi alfahari da haka.

A watan Satumba na shekarar aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Wannan shi ne babban matakin daidaito da ƙasarmu ta taɓa ɗauka a fagen ilmi: ɗan sarki da ɗan talaka benci ɗaya. Sai dai yara sun zo fiye da yadda aka ƙiyasta, aka horar da malamai cikin gaggawa, aka buɗe azuzuwa a gindin bishiya. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a koyar da harshen gida a shekarun farko, sannan a juya zuwa Turanci. A takarda tsari ne mai kyau. A aji kuwa, sau da yawa ba Hausar aka koyar da kyau ba, ba Turancin ba. Daga baya aka rufe kwalejojin malamai masu daraja ta biyu, inda ake yi wa malami horo kan yadda zai tsaya gaban allo, kuma har yau ba mu ga abin da ya cike gurbinsu a firamaren ƙauye ba.

Inda Muka Yi Sake

Ba za mu ɗora laifin duka a kan gwamnati ba, domin mu ne muka riƙe alli. Mun sa yara sun haddace ma'anar suna da aikatau daga Brighter Grammar kamar karatun allo, suna rerawa da ƙarfi, amma yaron da ya haddace ba ya iya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa mai layi biyar. Mun ci tarar yara, har mun yi bulala, don sun yi Hausa a harabar makaranta. A tsallaken iyaka ma an yi irin wannan, inda akan rataya wa yaro alamar kunya in ya yi harshen uwarsa. Da hannunmu muka koya wa yaro cewa harshen gidansu abin kunya ne, wato muka ƙarasa wa aƙidar fifiko aikinta bayan masu ita sun tafi.

Alhali hanya mafi sauƙi tana cikin Hausar. Bahaushe yana cewa na tafi, ina tafiya, zan tafi: alamar lokaci tana zuwa kafin aikatau. Ingilishi kuwa yakan sauya siffar aikatau ɗin kansa don nuna abin da ya shuɗe, shi ya sa yaranmu ke tuntuɓe a nan. Hausa tana bambanta kai da ke, Ingilishi kalma ɗaya yake da ita ga duka biyun. Harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, shi ya sa muka ce burodi da fursuna. Malamin da ya san waɗannan ya san inda ɗalibinsa zai faɗi tun kafin ya faɗi, kuma ya san kuskuren ba daƙiƙanci ba ne, sabon harshe ne. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida, tare da ƙwararren malamin Turanci, ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

Har yanzu manufa ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi firamare duka da harshen gida, a 2025 kuma aka janye, aka koma Turanci. A 2025 ɗin ce maƙwabtanmu na Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk yadda aka juya, abu ɗaya bai sauya ba: yaron da bai ci Turanci a jarrabawar kammala sakandare ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya fi kowa lissafi.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

'Yan'uwa, yadi 440 na zamanin Turawa ya tafi, amma wani fili ya buɗe a tsakaninmu. 'Ya'yanku na birni suna makarantun kuɗi, suna da littattafai da malamin gida. 'Ya'yan ƙannenku na Kongolam suna zuwa aji shida wasunsu ba su iya haɗa jimla ɗaya ba. Launinsu ɗaya, kakansu ɗaya, amma ran jarrabawa ɗaya zai wuce, ɗaya ya tsaya a shinge. In mun yi Allah wadai da wariyar Soweto, ba ya kyautu mu kawar da kai daga wadda ke cikin zuriyarmu.

Shawararmu ga ƙungiya uku ce. A ware wani kaso na kuɗin shekara don yi wa malaman firamarenmu bita a lokacin hutu, a kuma nemi tsofaffin malamai su taimaka tun suna da sauran ƙarfi. A samar da ɗakin karatu ko da ɗaya ne, da littattafan labarai na Hausa da na Turanci, domin nahawu a cikin karatu yake zama, ba a hadda ba. Sannan duk wanda ya zo gida, kada ya tsaya a gaisuwar dangi kawai. Ya leƙa makarantar da ta yaye shi, ya ɗauki littafin rubutun yaro ɗaya ya duba da idonsa.

Turanci ba ma'aunin hankali ba ne, ba kuma ma'aunin daraja ba. Mabuɗi ne, kuma magabatanmu sun nuna cewa hannun Bahaushe yana iya murɗa shi. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya shirya mana zuriya, Ya ɗaukaka Kongolam da masarautar Daura baki ɗaya. Amin.