Tuskegee, Makarantar da Ɗalibanta Suka Gina

Ranar 4 ga Yuli 1881 Booker T. Washington ya buɗe makarantar baƙar fata a garin Tuskegee na jihar Alabama, a Amurka, da ɗalibai 30 cikin wata rumfa mai yoyo. Dala 2,000 da jihar ta ware kowace shekara na albashin malamai ne kaɗai. Babu fili, babu gini. Sai da ya ranto dala 250 daga ma'ajin Hampton, makarantar da ta yaye shi, kafin ya ba da kafin alƙalami kan wata tsohuwar gona.

Sauran aikin kuwa ɗalibai ne suka yi. Su suka sare daji, suka haƙa yumɓu, suka gasa tubali. Sau uku gashin yana lalacewa, har Washington ya jinginar da agogonsa kan dala 15 don a sake gwadawa. Wanda ba shi da ko sisi sai ya shiga ajin dare: awa 10 yana aiki, awa 2 yana karatu, ladansa ana tara masa don kuɗin abinci da kwana. Wata tsohuwa da aka haifa cikin bauta ta kawo ƙwai shida a sa cikin karatun yaran. Ni dai ita nake fara tunawa duk lokacin da aka ambaci wannan makaranta.

Amma ƙwai ba su biyan malamai. Washington ya riƙa kwashe watanni a arewacin ƙasar, daga ƙofar wannan attajiri zuwa ta wancan, yana roƙon dala 50, kuɗin karatun ɗalibi guda na shekara. A 1903 Andrew Carnegie, sarkin ƙarfe, ya ba da dala 600,000.

Hannun da ke bayarwa kuwa shi ne a sama. Carnegie ɗin nan, a masana'antarsa ta Homestead aka murƙushe yajin aiki da jini a 1892. Washington ma ya san abin da masu kuɗi ke son ji. Tun a jawabinsa na Atlanta a 1895 ya tallata baƙar fata a matsayin ma'aikatan da ba su yajin aiki. Yana da hujjarsa, don yawancin ƙungiyoyin ƙwadago na lokacin ba su karɓar baƙar fata. Duk da haka abin yana yi mini ciwo, kuma masani baƙar fata W.E.B. Du Bois ya fito fili a 1903 ya zarge shi da sarayar da haƙƙin mutanensa. A ɓoye kuma Washington yana biyan lauyoyin da ke ƙalubalantar dokokin hana baƙar fata zaɓe.

Ya rasu a 1915, ya bar ɗalibai wajen 1,500, gine-gine fiye da 100, da asusun ajiya na kusan dala miliyan 2.