Ƙuri'ar 1958: Nijar Ce Ta Ƙi 'Yanci, Ko Hana Ta Aka Yi?

Kowace 18 ga Disamba Nijar na bikin Ranar Jamhuriya, ana tuna Diori Hamani, wanda ya hau mulki lokacin kafa jamhuriyar. Ba safai ake ambaton mutumin da aka ture kafin a kafa jamhuriyar ba, wato Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba mai alamar raƙumi.

Djibo ɗan gwagwarmayar ƙwadago ne. A 1957 jam'iyyarsa ta lashe zaɓen majalisa, ya jagoranci gwamnatin 'yan ƙasa ta farko. Direbobi da leburori da ƙananan 'yan kasuwar Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa su ne ƙarfinsa, sai wasu sarakuna da suka shiga ƙawance da shi.

Ana nan sai Janar de Gaulle na Faransa ya kira ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan sabon tsarin mulkin Faransa. Ƙasar da ta ce "E" za ta zauna ƙarƙashin inuwar Faransa. Wadda ta ce "A'a" ta samu 'yanci nan take, amma ba tallafi. A Afirka ta Yamma, shugabannin gwamnati biyu ne suka ce a'a: Sekou Toure na Gini da Djibo. Gini ta fice. A Nijar kuwa aka sanar da cewa "E" ta samu kusan kashi 78 cikin ɗari.

A nan bakin masana ya rabu. Wasu sun ce Djibo ne ya yi gaggawa: sarakuna sun juya masa baya, talakan karkara kuma ya bi sarkinsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai bai bayyana abin da ya sa Faransa ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, ana gab da zaɓe ba, ta ƙaro sojoji, ta kuma takura wa tarukan Sawaba. Ƙasar da ke iyaka da Aljeriya ana tsakiyar yaƙi, ga zumuncin Sawaba da 'yan NEPU na Kano, ba wadda Faransa za ta saki ba ce. Waɗanda suka fita zaɓen ma ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. Hujjar masu cewa an yi tursasawa ta fi nauyi.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Gwamnatin Djibo ta faɗi, aka rushe majalisa, Diori ya hau a Disamba, aka haramta Sawaba a 1959. Tsarin mulkin 1960 ya yi aiki ƙarƙashin jam'iyya ɗaya har Seyni Kountche ya kifar da shi a 1974. Soja sun sake karɓe mulki a 1996, 1999, 2010 da 2023. Djibo ya sha gudun hijira da kurkuku, ya rasu a Yamai a 1998.

Tun kafin soja su fara rusa tsarin mulki a Nijar, gwamnan mulkin mallaka ne ya fara ture zaɓaɓɓiyar gwamnati.