Sanƙo da Dashen Gashi: Darasin da Ƙeya Ta Koya wa Likitoci

Fiye da shekara 2,000 da suka shuɗe, likitan nan na Girka, Hifokiratis, wanda Larabawa ke kira Abuƙarat, ya lura cewa babanni ba sa yin sanƙo. Dalilin hakan ya ɓuya wa masana har zuwa 1942, lokacin da James Hamilton ya binciki mazan da aka dandaƙe a Amurka. Da aka ba su sinadarin maza, wato testosteron, waɗanda sanƙo ke cikin danginsu suka fara zubar da gashi, sauran kuwa gashinsu ya zauna daram. Sinadari ne ke kunna wutar, amma gado ne ke tara itacen.

Shi kuwa dashen gashi, tarihinsa ya bi ta Japan. A 1939 Dakta Shoji Okuda ya wallafa yadda yake ciro ƙananan yankunan fata masu gashi ya dasa su a inda ƙuna ko rauni ya bar tabo. Yaƙin Duniya na Biyu ya binne aikin nasa, Turawa ba su san da shi ba sai bayan shekaru masu yawa.

A birnin Niyok, Dakta Norman Orentreich ya gwada dashe a kan mai sanƙo a 1952, ya wallafa sakamakonsa a 1959. Abin da ya gano shi ne ginshiƙin wannan sana'a har yau: saiwar gashin da aka ciro daga ƙeya tana tafiya da halinta duk inda aka kai ta. Gashin ƙeya da na gefen kai ba su cika jin tasirin DHT ba, sinadarin da jiki ke sarrafawa daga testosteron, wanda ke ƙanƙantar da saiwoyin goshi da na tsakar kai. Sai dai Orentreich yana dasa dunƙule mai faɗin milimita 4, kan mutum ya koma tamkar gonar da aka yi wa dashen albasa. An ɗauki shekaru kafin a koma dasa gashi ɗaya zuwa huɗu, yadda yake tsirowa a halitta. A 2002 William Rassman da Robert Bernstein suka bayyana hanyar FUE, ta cire saiwoyi ɗai-ɗai, wadda ita ce ke kai dubban maza Istanbul a yau.

Ilimin gado ma ya faɗaɗa. Maganar da ake yi cewa daga dangin uwa ake gadon sanƙo tana da tushe, domin ƙwayar halittar da ke karɓar sinadarin maza tana kan kuromozom X, wanda ɗa namiji ke samu daga mahaifiyarsa. Amma binciken da aka yi a Jami'ar Edinbura a 2017, kan maza sama da 52,000, ya gano gurabe 287 masu alaƙa da sanƙo, mafi yawansu a wajen X. Dangin uba ma suna da kasonsu.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai tunanin zuwa a yi masa aiki. Dashe yana sauya wa gashi mazauni ne kawai, kuma abin da ke ƙeya ƙididdigagge ne. Saiwar da aka cire ba ta sake tsirowa a gurbinta. Gashin asali da ke kewaye da dashen zai ci gaba da zubewa bisa tsarin gado. Shi ya sa likitoci kan haɗa da minoksidil, wanda Amurka ta amince da shi a 1988, ko finasterayid, wanda ya biyo baya a 1997. Ga mu baƙar fata akwai ƙarin lura: saiwar gashinmu a lanƙwashe take a ƙarƙashin fata, tana saurin yankewa a hannun wanda bai ƙware ba, kuma tabo mai kumburi ya fi yawa a cikinmu.

Matashi ɗan shekara 25 da ya ƙarar da ƙeyarsa don cike goshi zai iya wayar gari a shekara 45 da tsibirin gashi a gaba da fili a baya. Kafin ya tambayi farashi, ya dubi kan mahaifinsa da na kawunnansa.