Iskar Taya da Sana'ar Faci a Sabon Garin Kano

Tayar keke da ake hura wa iska ta samo asali ne daga aikin John Boyd Dunlop a Belfast a shekarar 1888, kuma ta yaɗu a Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 da kafuwar Sabon Gari wajen 1913, inda akawuna da ma'aikatan kamfanonin Turawa suka zauna, suka kuma rungumi keke. Daga nan sana'ar faci, wato liƙe hujin robar cikin taya, ta kafu a Sabon Gari da Fagge, tun ana aiki da famfon hannu har injin bayar da iska ya shigo.

Keken da ya horar da masu wannan sana'a shi ne Raleigh, daga baya kuma Phoenix na ƙasar Sin, kekuna masu nauyi waɗanda ake ɗora wa buhun hatsi ko jarkokin ruwa. Saboda haka ƙa'idar da aka gada ita ce a cika taya tam, domin idan iska ta yi kaɗan kuma aka faɗa rami, bakin ƙarfen wili yakan matse robar ciki ya huda ta wuri biyu kamar saran maciji. Babban yatsa shi ne ma'auni, kuma gwani yakan rage kaɗan a watannin bazara, tunda zafin kwalta yana ƙara matsin iska.

Keken hawan tsauni, wanda aka ƙirƙira a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, ya shigo kasuwa galibi a matsayin gwanjo, kuma hikimarsa ta saɓa wa waccan ƙa'ida. Tayarsa mai faɗi ce mai ƙuraje, an yi ta ne don ta ɗan lotsa ta kama ƙasa, shi ya sa mahayansa kan tsaya tsakanin 20 da 35 a ma'aunin matsin iska na PSI, gwargwadon nauyin mutum, tare da ƙara wa ta baya fiye da ta gaba. Idan aka cika ta yadda ake cika ta Raleigh, sai ta riƙa tsalle a kan burji tana nutsewa a rairayi, mahayi kuwa ya ɗora laifin a kan keken. Yatsa ya wadatar ga keken dako, amma mai irin wannan taya yana bukatar geji, wato na'urar auna iska.