Yadda WordPress Ya Ƙwace Kasuwa daga Hannun Joomla

A farkon shekarun 2000, da hannu muke gina shafin intanet. Ka buɗe Dreamweaver ko FrontPage, ka tsara kowane shafi daban, sannan ka tura fayilolin zuwa sabar ta FTP kana addu'ar kada a ɗauke wuta kafin su gama hawa. Mai shafi ya canza lambar waya? Sai ya nemo ka, ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya kana gyarawa.

Manhajojin da suka raba mu da wannan wahala kusan a jere suka zo. Dries Buytaert ya saki Drupal a Beljiyam a 2001. A watan Mayun 2003 Matt Mullenweg da Mike Little suka ɗauki wata manhaja mai suna b2 da mai ita ya daina kula da ita, suka fitar da WordPress. A 2005 kuma masu rubuta Mambo suka ɓata da kamfanin da ke riƙe da ita, suka ɓalle suka kafa Joomla. Dabararsu ɗaya ce: rubutu ya zauna a rumbun bayanai, kwalliyar shafi kuma daban, ta yadda za a taɓa ɗaya ba tare da an tayar da ɗayan ba.

Yawancinmu Joomla muka runguma. A idonmu WordPress kayan masu rubuta labarin rayuwarsu ne, Drupal kuwa na manya, tunda har Fadar White House ta koma kansa a 2009. Joomla ce ke da maɓallai barjat, wanda ya iya ta kuma ana ganin sa a matsayin gwani. To amma ba mu ne muka yanke hukunci ba. Sakataren makaranta da ɗan jaridar da aka bar wa shafi bayan mun karɓi kuɗinmu, su suka yanke. A tsohuwar Joomla, kafin labari ya fito sai ka buɗe sashe, ka buɗe rukuni a ƙarƙashinsa, ka zuba labarin, galibi kuma ka haɗa shi da jerin zaɓi. A WordPress akwati biyu ne, na kanu da na rubutu, sai maɓallin wallafawa. Wanda aka nuna wa sau ɗaya ba ya sake kira. Da sigar 3.0 ta fito a 2010 da damar ƙirƙirar kowane irin rukunin bayani, WooCommerce ta biyo baya a 2011 da kantin saye da sayarwa, sai hujjarmu ta ƙare. Yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kan WordPress suke.

Mu masu aiki da Hausa muna da tamu damuwar daban. Tsofaffin rumbunan MySQL kan zo a tsarin latin1, wanda bai san ƙ, ɗ da ɓ ba. Ka ɗauke shafi daga wannan masauki zuwa wancan, da safe ka tarar duk inda aka rubuta ƙasa ya koma ?asa. Shi ya sa editoci da dama suka haƙura da haruffa masu lanƙwasa, kuma har bayan UTF-8 ya zama gama-gari wasu ba su dawo da su ba.

Sauƙin ma da tsadarsa ya zo. Tunda Fantastico, daga baya Softaculous, suka sa ana girka WordPress da dannawa ɗaya a cikin cPanel, kowa ya zama magini. Aka cika shafuka da kwalliya da ƙananan manhajojin ƙari na sata, waɗanda sau da yawa an ɓoye musu ƙofar baya. Ko na halas ɗin ma ba su tsira ba: a 2011 ɓaraka a TimThumb, 'yar manhajar rage girman hoto da ke cikin kwalliyar shafuka masu yawa, ta buɗe wa masu kutse hanya. Daga nan aikin ya sauya kama. Ginin ya koma na kwana biyu ko uku, abin da ake biyan mu a kai kuma ya zama sabuntawa, ajiye kwafi, da tuna wa mai shafi cewa kuɗin masauki da na sunan shafin duk shekara ake biya, yawanci kuma da dala aka yanka farashin.