Sake Sarrafa Ƙarafa: Ma'adinin da Ke Cikin Bola

Sake sarrafa ƙarafa shi ne tattara tsofaffin ƙarafa, a rarrabe su, a narkar, sannan a ƙera sabbin kayayyaki da su. Yana cikin ginshiƙan tsarin tattalin arzikin da ke mayar da shara jari, domin ana iya narkar da ƙarfe sau da dama ba tare da ya rasa nagartarsa ba.

Alminiyum ne ya fi bayyana alfanun hakan. Kafin a samu tan ɗaya na sabonsa, sai an haƙo tan huɗu zuwa biyar na ma'adinin bokzait, an kuma sha wutar lantarki mai ɗimbin yawa. Narkar da tsohonsa kuwa kusan kashi 5 cikin 100 kacal na wannan makamashi yake ci, don haka hayaƙin da ke ɗumama duniya yake raguwa matuƙa.

Akwai kuma batun dogaro da kai. A 2024 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ke burin samar da kashi 25 cikin 100 na muhimman ma'adinan da take amfani da su ta wannan hanya kafin 2030.

A Najeriya, inda kamfanin Ajaokuta bai kai ga cikakken aiki ba, masana'antun rodi sun dogara da ƙarafan da 'yan jari-bola ke tarawa. Babban ƙalubalen shi ne tantance halastaccen kaya daga na sata, irin su wayoyin lantarki da ƙarafan layin dogo.