Doki, Rawani da Kambun Headies

Yau zancen kyautar mawaƙa za mu yi. Duk shekarar da aka yi bikin Headies sai na ga samarinmu na Roni da Kazaure sun cika Facebook da tambaya ɗaya: wai me ya sa ba a kiran sunan mawaƙan Hausa ne? Tambayar tana kan hanya, amma sai mun ɗan koma baya kafin mu amsa ta.

Shi dai bikin Headies a Legas aka haife shi a 2006. Ayo Animashaun, mai mujallar Hip Hop World, shi ya kafa shi, kuma da sunan mujallar aka fara kiran bikin kafin a sauya masa suna. Ya girma har a 2022 aka ɗauke shi zuwa Atlanta ta Amurka, inda aka sa motar Bentley a matsayin kyautar sabon tauraro. 'Yan Arewa sun taɓa ci, kar a ce ba su ci ba. M.I da Ice Prince, duka daga Jos suka taso. Sai dai da Turanci da Burokin suka yi yawancin waƙoƙinsu, kuma sai da suka koma Legas tukuna.

To mu a nan ƙasar Hausa, kafin a san wani abu wai shi kambu, ta yaya ake karrama mawaƙi? A fada ake yi. Makaɗi ya yi wa sarki waƙa ranar hawan Sallah, in ta yi daɗi a tuɓe riga a ba shi nan take, ko a jawo doki da sirdinsa a miƙa masa linzami. Akwai wanda ake ba gona, akwai wanda ake yi wa aure. Ƙololuwar abin ita ce rawani. Salihu Jankiɗi ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, Katsina tana da nata Sarkin Taushi, Kano tana da Sarkin Kotso. Narambaɗa kuwa sunansa ba ya rabuwa da na Sarkin Gobir na Isa. Babu alƙalai, babu ƙuri'a. Kunnen mutum ɗaya ne ke yanke hukunci, kuma dokin da ya ba ka yana nufin kai nasa ne. Wannan kyauta ta fi kambu amfani nesa ba kusa ba, don doki ana hawa, gona ana ci. Amma fa da igiya take zuwa.

Mamman Shata ne, a ganina, ya tsaya tsakanin zamanin biyu. Ya samu dawaki da motoci daga sarakuna da attajirai, sannan gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ku duba fa, mutumin da bai yi boko ba, mai kiɗan kalangu, aka sa masa rigar jami'a. Wannan karon hukuma ce ta karrama shi, ba wani ubangida ba. Ɗanmaraya Jos ma ya samu irin wannan girma da kuntiginsa. Amma da Shata ya rasu a watan Yunin 1999, a Daura aka binne shi, nan maƙwabtanmu, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Digiri daga Zariya, kabari a Daura.

Kuma rawanin bai mutu ba har yau. Masarautar Dutse ta naɗa Aminu Ala Sarkin Waƙa. A ƙarshen 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙarsa. Da aka sauke sarkin ranar 9 ga Maris 2020, kwanaki kaɗan Naziru ya rubuta takardar ajiye sarautar. Wasu sun ce biyayya ce, wasu sun ce siyasa ce. Ni abin da na gani shi ne igiyar nan da na faɗa: wanda ya ɗaura rawanin ya tafi, sai rawanin ya bi shi. Wanda ya ci Headies ba ya mayar da kambunsa don an sauya shugaban kamfani.

Yanzu mu dawo kan tambayar samarinmu. Bikin Legas yana auna waƙa da abin da yake iya gani: gidajen rediyon Kudu, kamfanonin waƙa, da yawan sauraro a intanet. Waƙar Hausa kuwa ta wata hanya take tafiya. Ta fim take bi, ta gidan biki, ta motar kamfen, ta shagon mai tura waƙoƙi a waya. Ka shiga kasuwa a nan yankin ka ga yadda ake cika memori da waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan. Dubban mutane za su haddace waƙar, amma ko ɗaya ba a ƙirga ba. Ku tuna yadda Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta karaɗe gidaje a 2020 lokacin kullen korona, har Nijar da Ghana. Ba a ji ta a dandalin Headies ba.

An yi ƙoƙarin kafa namu. Akwai bikin AMMA na mawaƙa da 'yan fim ɗin Arewa, akwai kuma na Kannywood da MTN ta taɓa ɗaukar nauyi. Matsalarsu ita ce sun dogara da mai ba da kuɗi. Bana a yi, baɗi shiru. Wato dai ubangidan ne ya sauya kama, daga mai rawani ya koma mai talla.

Ku rubuto mini a ƙasa wane mawaƙi ne a garinku ya taɓa samun doki ko rawani, kuma wa ya ba shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.